Darasi: Karin Kumallo da Abincin Walaha a Gida

Karin kumallo shi ne abincin farko da mutum ke ci bayan ya tashi daga barci. Wanda ya ci tuwon dare bayan sallar isha'i, ya karya da ƙarfe 7 na safe, ya yi awa 10 ko fiye cikinsa bai karɓi komai ba. A tsawon wannan lokaci jiki bai daina aiki ba: zuciya na bugawa, huhu na numfashi, ƙwaƙwalwa na cin sukarin da hanta ta ajiye. Kafin gari ya waye ajiyar ta ragu ƙwarai. Shi ya sa yaron da aka tura makaranta da yunwa kan fara hamma tun kafin a fita tara, leburan da ya fita bai karya ba kuma ƙarfinsa kan yanke da hantsi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A ƙasar Hausa abincin safe ya kasu gida biyu. Akwai na sassafe, wanda galibi mai ruwa-ruwa ne kuma mai saurin haɗawa, kamar koko da kunu da shayi. Akwai kuma na walaha, wanda ake ci idan rana ta ɗaga, wajen ƙarfe 10 zuwa 11, kuma ya fi nauyi: waina, ɗanwake, gurasa, fate. Manomin da ya yi sammako da damina, na walahar ake kai masa gona. A birni kuwa an fi yin sa ranakun hutu, lokacin da ba a saurin makaranta ko ofis, har ya kan tsaya a madadin abincin safe da na rana gaba ɗaya.

Hatsi da abokin tafiyarsa

Kusan duk abincin safe na gida daga hatsi yake farawa: gero, dawa, maiwa, masara ko shinkafa. Hatsi yana ba da kuzari, amma sinadarin gina jiki da ke cikinsa, wato furotin, bai cika ba, domin yana da ƙarancin wani ɓangare da ake kira laisin. Wake yana da laisin da yawa, shi kuma yana da ƙarancin wani ɓangaren da hatsi ke da shi. Idan an ci su tare, kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa. Madara da nono da ƙwai ma suna cike giɓin hatsi, gyaɗa kuma tana ƙara masa furotin da maiƙo.

Wannan ita ce ƙa'idar da darasin nan ya ginu a kanta. Koko shi kaɗai ba ya riƙe ciki, mai shan sa kan ji yunwa bayan awa ɗaya ko biyu. Koko da ƙosai kuwa cikakken abinci ne. Kayan haɗin nasa ba baƙi ba ne: Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin waken da ake ƙosai da shi, Nijar na biye da ita, kuma ƙasashen biyu suna cikin manyan masu noman gero. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa, saboda juriyarsa ga fari da kuma ƙarfen jini da ke cikinsa.

Koko

Kokon safe tun jiya ake fara shi. Ana auna gero, a bakace, a wanke, a rege shi a ƙwarya har tsakuwa ta rabu, sannan a jiƙa shi ya kwana. Wasu kan bar shi kwana biyu suna canza ruwa. Idan ya jiƙu sai a sake wankewa, a zuba citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a kai inji a markaɗa. Ƙullun da aka dawo da shi ana ƙara masa ruwa, a tace da ƙyallen tata mai laushi, a matse dusar a ajiye wa dabbobi. Abin da aka tace sai a rufe shi a bar shi ya kwanta. Bayan wasu awanni gasara za ta zauna a ƙasa, ruwa mai tsami ya taru a sama.

Tsamin nan ba lalacewa ba ne. Wasu ƙananan halittu masu amfani ne, dangin waɗanda ke mai da madara nono, suke cin sukarin hatsin suna fitar da tsami. Aikinsu yana da fa'ida biyu. Tsamin yana hana yawancin ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin gasara. Jiƙo da tsimuwa kuma suna rage wani sinadari na ɓawon hatsi da ke ɗaure ƙarfen jini ya hana hanji tsotse shi. Wato gasarar da ta kwana ta fi garin da aka dama nan take sauƙin amfani ga jiki.

Wurin damu ne ake gane gwana. Ana ɗibar gasara a ƙwarya ko roba, a dama ta da ruwan sanyi kaɗan har ta yi kauri ba gudaji. A ɗora ruwa a wuta, wanda ke son tsami sosai ya haɗa da ruwan saman gasarar. Sai ruwan ya tafasa yana ɓararraka sannan a sheƙa shi a kan gasarar a zagaye, ba tare da tsayawa ba. Nan take launinta zai sauya daga fari-fari zuwa mai sheƙi, ta kumbura, sai a juya da ludayi. Kokon da ya tsinke, ɗaya daga cikin abu biyu ne ya same shi: ko ruwan bai gama tafasa ba, ko an cika wa gasarar ruwan sanyi. Maganinsa a juye a tukunya, a mayar wuta ana juyawa har ya yi kauri. Ba a shan sa ɗanye.

Gasarar da ta rage tana iya kwanaki idan ana tsiyaye ruwan samanta kullum ana zuba sabo. Mai son ajiya mai tsawo sai ta matse ta a ƙyalle, ta marmasa, ta shanya a wuri mai tsabta har ta bushe ƙamas. Wannan koko ya yi suna har wajen ƙasar Hausa. A biranen Gana irin su Akara da Kumasi, kokon gero mai yaji da ƙosai na cikin abincin safen da aka fi saye a bakin titi, kuma da sunan Hausawa ake kiran sa.

Ƙosai

Ƙosai wake ne da albasa da attaruhu da gishiri da mai, ba wani abu. Duk da haka gidaje da yawa sun gwammace su aika yaro ya sayo, saboda nasu kan fito da tauri ko ya sha mai. Dalilan ba su da yawa, kuma duk ana iya gyara su.

Ana yayyafa wa wake ruwa a surfa a turmi, ko a jiƙa shi na ɗan lokaci a murje da hannu, sannan a yi ta wankewa ana tsiyaye ɓawon har ya fita tas. Sai a bar shi a ruwa ya yi laushi kafin markaɗe. A wurin markaɗen ne kuskure na farko ke faruwa: mai inji kan cika ruwa don aikinsa ya yi sauri. Ƙullun ƙosai ana son sa da kauri, yadda idan an ɗebo a cokali zai tsaya. Mai ruwa-ruwa bajewa yake a kasko ya zuƙe mai.

Kuskure na biyu shi ne rashin bugu. Ƙosai ba a sa masa yis, iska ce ke tayar da shi. Idan aka buga ƙullun da muciya ko maburgi na mintuna da dama, furotin ɗin waken yana kama ƙananan kumfar iska ya riƙe. Za a ga ƙullun ya ƙara fari, ya ƙaru, ya yi sauƙi a hannu. Da ya shiga mai mai zafi, iskar ta buɗe, ƙosan ya taso sama ya yi sakwat. Gishiri ana sa shi daf da suya, kuma a sake bugawa kafin kowane zubi, domin kumfar kan kwanta idan ƙullu ya jima a ajiye. Zafin mai ana gwada shi da ɗigon ƙullu: idan ya nutse ya zauna, man bai yi ba, idan ya yi ja nan take, wuta ta yi yawa, bayan zai ƙone ciki yana ɗanye da gafi. Man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi yana kumfa, zubar da shi ya kamata.

Wanda ba ya son soye-soye da safe, da ƙullun nan ake alala: a ƙara ruwa da manja ko man gyaɗa, a ƙulla a ganye ko a zuba a gwangwani, a turara. A kula kuma da waken da ake saye. Duk wanda ke warin maganin ƙwari kada a kawo shi gida. Buhun PICS mai ninki uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Afirka, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska, ba tare da an zuba magani ba.

Sauran kunu

Kunun tsamiya ya fi koko saurin haɗawa, domin da garin surfaffen gero ake yin sa, ruwan jiƙaƙƙiyar tsamiya ne ke ba shi tsami. Kunun gyaɗa kuwa, wanda mutanen Adamawa suka shahara da shi, ya haɗa ƙa'idar darasin nan a kofi guda. Ana markaɗa gyaɗar da aka cire wa ɓawo, a tace madararta, a tafasa, a zuba ƙullun shinkafa ko gasara ana juyawa, a ƙarasa da ruwan tsamiya ko lemon tsami. Hatsi da furotin da maiƙo duk suna ciki, shi ya sa yake riƙe ciki ko ba ƙosai. Sai dai a tsince gyaɗar da kyau. Wadda ta yi funfuna, ta yanƙwane ko take ɗaci tana iya ɗauke da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma tafasawa ba ta kashe ta.

Kunun kanwa yana buƙatar gargaɗi na musamman. An saba ɗura wa mai jego shi safe da yamma har ta yi arba'in. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa haɗe da zafin wankan jego. Kanwa dangin gishiri ce, tana sa jiki ya tara ruwa, zuciyar da ba ta gama hutawa daga ɗaukar ciki ba ta ƙara wahala. Mai jego da mai hawan jini kunun gyaɗa ya fi musu.

Ɗumame

A karkara da gidaje masu yawan jama'a, ɗumame ne babban abin karyawa. Tuwon da ya rage jiya ake yankawa a tukunya da ɗan ruwa, a rufe ya turaru, a ci da miyar kuka ko ta kuɓewa da man shanu. Ba ya cin kuɗi, ba ya cin itace da yawa, kuma yana kai manomi har azahar. Raina shi da wasu 'yan birni ke yi ba shi da tushe.

Haɗarinsa yana cikin kwanan da ya yi. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abincin da ba shi da zafi ba shi da sanyi, tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selsiyas, kuma zafin ɗakin girki da bazara yana tsakiyar wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka, kuma idan za a ɗumama, zafin ya kai digiri 70 har tsakiyarsa. Gidan da ke da firji mai aiki sai a sa abincin ciki da zarar ya huce. Gidan da ba shi da shi, a tafasa miya kafin kwanciya, a rufe, kada a sake sa mata ludayi ko hannu, da asuba a sake tafasawa. Tuwon kuma a bari tururi ya ratsa shi, ba bayansa kaɗai ya yi ɗumi ba. Wanda ya yi yauƙi ko ya canza wari ba a ɗumama shi. Dafaffiyar shinkafa ta fi komai buƙatar kula, domin akwai ƙwayar cutar da ke fitar da guba a cikinta idan ta kwana a ɗumi, kuma ɗumamawa ba ta karya wannan gubar.

Shayi da burodi

Shayi da burodi ya mamaye birane saboda saurinsa. Ba laifi ba ne, amma ruwan shayi da sukari da busasshen burodi kuzari ne kawai na ɗan lokaci. Abin da ke mai da shi abinci shi ne madara da ƙwai, ko wake, ko tunkuzar gyaɗa da aka shafa. Ƙwai ɗaya yana da furotin wajen giram 6. Haka Indomie da makamantanta: idan za a ba yaro, a haɗa da ƙwai da kabeji ko karas, a rage garin ɗanɗanon da ke cikin ledar domin gishirinsa da yawa.

Sukari ne abin lura a nan da kuma a koko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Mai zuba cokali 4 a kofi guda ya cinye kashi ɗaya cikin uku tun bai fita gida ba. Ganyen shayi kuma yana rage tsotsar ƙarfen jini daga abincin da aka ci tare da shi, don haka mai ciki da mai ƙarancin jini su ba da tazara tsakanin shayi da abinci ko maganin ƙarin jini.

Abincin walaha

Waina, wadda mutanen Bauchi ke kira masa kuma suka yi fice a kanta, ita ce sarauniyar walaha. Ana jiƙa shinkafar tuwo ta yi laushi, a dafa wani ɗan kaso nata ya yi luguf, a haɗa da ɗanyar a markaɗa. Dafaffiyar ce ke sa cikin waina ya yi taushi. A sa yis ko nono, a rufe a wuri mai ɗumi ya tashi. Da zafi awanni kaɗan sun isa, da hunturu sai ya kwana. Idan tsami ya yi yawa ana karya shi da ɗan ruwan kanwa. A zuba albasa da gishiri da sukari kaɗan, a ɗora tanda, a ɗiga mai a kowane gurbi, a zuba ƙullu. Idan gefen ya yi ja, saman ya fara hujewa, sai a juya. Wuta mai yawa ita ce abokiyar gabarta. Waina shinkafa ce zalla, don haka abin da aka ci ta da shi ne ke cika ta: miyar taushe mai kabewa da alayyafo da gyaɗa ta fi sukari ko zuma nesa. Sinasir na mutanen Borno daga irin wannan ƙullu yake, sai dai a faffaɗan kasko ake yin sa, ba a juyawa.

Ɗanwake ya fi waina sauƙi da araha. Garin wake ake haɗawa da garin rogo ko na dawa ko fulawa, a sa kuka da ruwan kanwa, a kwaɓa da ɗan tauri. Kuka ce ke riƙe shi kada ya watse. A jefa shi ƙanana-ƙanana a ruwan da ke tafasa. Idan ya taso sama a bar shi ya ƙara nuna, a tsame a ruwan sanyi mai tsabta, a ci da mai da yaji. Yanzu wasu kan yi shi da fulawa zalla, sai ya rasa furotin ɗin da ya sa yake riƙe ciki. Ƙwai da tumatir da kabeji a gefe suna ƙara masa daraja.

Gurasar Kano, wadda unguwar Jakara ta yi suna wajen gasa ta a tanderu, galibi saye ake yi, a gida ake haɗa bandashe da garin ƙuli da man gyaɗa da albasa. Faten tsaki da na acca kuwa suna kawo abin da sauran suka rasa, wato ganye: yakuwa, alayyafo, zogale.

Rabon ƙananan yara

Jariri nonon uwa zalla yake buƙata har wata 6. Daga nan ake fara masa kunu, kuma a nan ne gidaje da yawa ke kuskure. Koko tsululu yana cika ɗan ƙaramin cikin yaro da ruwa, ya ƙoshi bai ci komai ba, a wayi gari yana ramewa alhali ana ba shi kullum. Kunun yaro ya zama mai kaurin da zai tsaya a cokali, a sa masa garin gyaɗa ko madara ko dafaffen ƙwai da ɗan mai. Ma'aikatan lafiya a arewa maso gabashin Nijeriya suna koyar da haɗin gari na gwangwani 6 na hatsi, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a niƙa tare, a riƙa damawa. Ba a ba yaron da bai shekara ba zuma, kuma ba a ɗura masa kunu da ƙarfi, domin yana iya shaƙewa.

Aikin gida

Ana son kowane ɗalibi ya rubuta abin da gidansa ya karya da shi na tsawon kwana 7, ya ja layi a ƙarƙashin duk ranar da hatsi ya zo shi kaɗai ba wake, ba gyaɗa, ba madara, ba ƙwai. Sannan ya tambayo kuɗin mudun wake da na gyaɗa a kasuwar garinsu, ya lissafa abin da zai ci a gyara waɗannan ranaku, ya zo da lissafin aji a zama na gaba.